Jirgin Ƙasa a Kan Tebur: Darasin da Ya Kamata Ya Riga Dogo Isa Illela

Duk kayan da ke ratsa Illela a kan taya suke tafiya. Albasar fadamun Gwadabawa da Kware, da wadda ke shigowa daga Galmi ta Birnin Kwanni, da shanu da raƙuma da tumakin da ke cika kara ranar kasuwa, da buhunan wake da gero, duka a bayan tirela da a-kori-kura ake loda su, su kama hanyar Sakkwato mai tsawon sama da kilomita 80, daga can su miƙa kudu. Jirgin ƙasa bai taɓa taka wannan yanki ba. Dogon da ya iso Kano a 1911 ya yi reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma a can ya tsaya har yau. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi, can gabas. Babban aikin da ya faro daga Illela a 'yan shekarun nan, titin Sakkwato zuwa Badagiri mai kilomita 1,068 da aka ƙaddamar a 2024, shi ma na mota ne. To a irin wannan gari ne nake ganin ya dace a kafa ɗan jirgin ƙasa na kan tebur a makarantar sakandare ko ɗakin koyon sana'a, yara su shimfiɗa masa dogo, su ja masa waya, su haɗa masa mararraba da hannunsu. Dalilina shi ne, da wuya a sami kayan koyarwa mai araha da ke tara darasin lantarki da na tsaron jirgin ƙasa wuri guda kamar wannan tebur.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, abin ba shi da wuyar fahimta. Ana ƙera ɗan kan jirgi da taragansa bisa ma'auni, kuma ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda komai yake kashi 1 cikin 87 na girmansa na gaske. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogonsa biyu milimita 16.5 ce, wato milimita 1,435 na dogon Abuja zuwa Kaduna an raba su gida 87. Mai son kwaikwayon tsohon dogonmu na Legas zuwa Kano, wanda faɗinsa milimita 1,067 ne, sai ya nemi mai milimita 12. Ɗan jirgin ba ya ɗauke da batir a cikinsa. Ta dogon da yake takawa yake shan wuta: ƙarfe ɗaya an haɗa shi da jar waya daga kan batir mai alamar tarawa, ɗayan kuma da baƙar waya daga mai alamar ɗebewa. Ƙafafun gefe guda su ɗebi wutar su miƙa wa ɗan injin da ke cikin kan jirgi, ƙafafun ɗaya gefen su mayar da ita. Idan aka ƙara ƙarfin wuta daga sifili zuwa bolt 12 jirgi ya ƙara gudu, idan aka musanya wayoyin biyu ya koma da baya. Daga nan doka ta farko ta fito, wadda duk sauran aikin ya rataya a kanta: kada ƙarfen ja ya sadu da na baƙi ta kowace hanya in ba ta cikin injin ba. Shi ya sa ake sa 'yar roba tsakanin ƙafar jirgi da sandar da ke haɗa ta da 'yar'uwarta. Ƙusa ɗaya da ta faɗi a giciye kan dogo ta isa ta tsayar da komai.

Mai koyo yakan ɗauka waya biyu sun ishe shi, kuma a kan ɗan zagaye ƙarami sun isa ɗin. Amma da zarar dogo ya yi tsawo sai a ga jirgi yana gudu kusa da batir, ya yi sanyi in ya yi nisa, wani lokaci ya tsaya cik a kan wata gaɓa. Ƙarfen da ake yin wannan dogo da shi gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, wuta ba ta ratsa shi da sauƙi kamar tsantsar jan ƙarfe, ga kuma 'yan maɗauran da ke haɗa gaɓa da gaɓa suna saki, suna tara dauɗa. Mai noman rani ya san wannan matsala a garkarsa: ruwan da ya bi doguwar ƙaramar hanya yakan isa fangalin ƙarshe a raunane, sai an haƙa babbar hanya an riƙa yanko wa kowane fangali nasa. Maganin tebur ma ke nan. A ja kauraran wayoyi biyu na jan ƙarfe a ƙarƙashin tebur, ja da baƙa, su bi duk inda dogo ya bi, sannan a kowace mita ɗaya a huda katako a fito da siririyar waya a liƙa ta da dalma a gefen waje na ƙarfen, don kada ta tare ƙafar jirgi. Yaron da ya ɗora mitar gwajin wuta a ƙarshen dogo kafin gyara da bayan gyara ya ga dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 da idonsa, kuma gani ya kori ji. Wannan dokar ce ke sa kwan fitilar ɗakin ƙurya ya dusashe a gidan da aka ja wa sola da siririyar waya.

Mararraba ita ce inda hankali ke aiki sosai, wato wurin da layi ɗaya ke rabuwa biyu. A bakinta akwai harsuna biyu na ƙarfe masu motsi, waɗanda ke jingina da ƙarfen hagu ko na dama su karkatar da ƙafafun jirgi. Ƙarafa biyu ne suka shiga, huɗu za su fita. Na waje biyu ba su da matsala, na hagu baƙi ne har abada, na dama ja. Na ciki biyun ne suke haɗuwa a wani tsini guda, kuma a nan rigimar take. A ɗauka reshen da ya rabu dama ya nufa. Jirgin da zai miƙe, ƙafafunsa na hagu suna kan baƙin ƙarfe, na damansa kuma ta kan tsinin za su bi, don haka dole tsinin ya zama ja. Jirgin da zai karkata, ƙafafunsa na dama suna kan jan ƙarfen, na hagunsa ne za su bi ta tsinin, don haka dole tsinin ya zama baƙi. Ƙarfe guda, buƙata biyu masu karo da juna. Hanya mai sauƙi ita ce a yi tsinin da roba, ba ja ba baƙi, amma ƙaramin kan jirgi mai tafiya a hankali yakan mutu a kansa don ƙafarsa ta rasa wuta. Hanya mai inganci ita ce a bar shi na ƙarfe, a yanke shi da siririn zarto daga maƙwabtansa, a ba shi wayarsa ta kansa, wayar ta bi ta wani makunni da ke motsi tare da harsunan, ya ba tsinin ja idan sun jingina nan, baƙi idan sun jingina can. Kamfanin Peco na Ingila yana sayar da iri biyun, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna jayayya kan wanda ya fi. Ga makaranta dai na ƙarfen ya fi, domin shi ne mai tilasta wa yaro tunani.

Akwai ƙa'idoji biyu da ke biye da wannan, kuma duk wanda ya karya su zai ji ƙaurin waya. Wuta daga bakin mararraba ake ba ta, ta wajen harsuna, sannan ƙarafa biyun da suka fita daga tsini sai an sa musu maɗauri na roba kafin su haɗu da sauran dogo, in ba haka ba wutar da ke zuwa daga gaba za ta dawo ta yi karo da ta tsinin. Motsa harsunan kuwa, masu kuɗi suna sa ɗan inji mai naɗaɗɗiyar waya biyu, a danna maɓalli ya fizge su dama ko hagu, kuma idan aka daɗe da yatsa a kan maɓallin naɗin ya ƙone. Ba lallai ne a sayi wannan ba. Wayar birkin keke a cikin kubenta, an ɗaura kanta ɗaya da harsunan, ɗayan da makunni mai zamewa irin na tsohuwar rediyo, tana yin aiki biyun a tashi ɗaya: ta motsa harsuna, ta sauya wa tsini launi. Haka nan idan aka yi dogon da ya zagaya ya dawo kan kansa don jirgi ya juyo, ja zai iske baƙi a mahaɗar, sai an yanke ƙarafan duka biyu a wuri biyu an sa makunni mai musanya waya. Don kare batir, tsohuwar dabara ita ce a jera kwan fitilar mota mai wat 21 a kan jar wayar: muddin komai lafiya kwan a mace yake, da zarar wayoyi sun haɗu sai ya haska, ya rage wutar, ya kuma nuna wa ɗalibi cewa akwai kuskure da zai nema.

Na san za a soki wannan shawara. Suka ta farko ita ce, wannan nishaɗin Turawa ne masu kuɗi da lokacin ɓatawa. Gaskiya ne akwai nishaɗi a ciki. A birnin Hambag na Jamus akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, mai dogo sama da kilomita 15 a cikin gini, kuma 'yan yawon buɗe ido ne ke cika shi. Sai dai tarihin abin bai tsaya nan ba. A 1912 kamfanin jirgin ƙasa na Lancashire da Yorkshire a Ingila ya sa aka ƙera masa jirgin tebur don makarantarsa ta horar da masu ba jirgi hanya a Manchesta, aka ci gaba da koyarwa da shi har 1995, yanzu yana gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York. Sama da shekara 80 ma'aikatan da rayukan fasinjoji ke hannunsu suna koyon aiki a kansa. Jami'ar fasaha ta Dresden a Jamus har yau tana da ɗakin da ɗalibai ke sarrafa ƙananan jirage da na'urorin ba da hanya na gaske. A Amurka kuwa, ƙungiyar ɗaliban jami'ar MIT masu jirgin tebur, wadda aka kafa a 1946, tana da ɓangaren da ba ruwansa da fenti da ado, aikinsa wayoyin ƙarƙashin tebur, inda suka harhaɗa kayan tarho suka gina tsarin sarrafa jirage. Daga cikinsu ne irin su Alan Kotok da Peter Samson suka fito, suka shiga sahun farko na matasan da suka ƙware a rubuta manhajar kwamfuta. Wanda ya saba da tambayar "idan wannan ya rufe, wancan ya buɗe, ina wuta za ta bi?" ya riga ya fara tunanin da kwamfuta ke buƙata.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Jiragenmu na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan da man dizal suke tafiya, ba sa shan wuta daga dogo, to me yaro zai ƙaru da shi? Amsar tana cikin dokar nan ta farko. Abin da yake kuskure a kan tebur, wato ƙarfe ya haɗa dogo biyu, shi ne ginshiƙin tsaro a dogon gaske. A 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya yi rajistar dabarar da ta sauya harkar jirgin ƙasa. A yanka dogo sashe-sashe da maɗaurai masu tare wuta, a sa batir mai ƙaramin ƙarfi a wannan ƙarshe, a sa makunnin maganaɗisu a wancan. Idan sashen babu jirgi, wuta ta bi ƙarfe ɗaya ta isa makunnin ta dawo ta ɗayan, makunnin ya riƙe, fitila ta nuna kore. Da jirgi ya shigo, ƙafafunsa da sandunansu na ƙarfe zalla sai su haɗa dogon biyu, wuta ta yanke ta cikinsu, makunnin ya saki, fitila ta koma ja. Hikimar da ta fi ita ce, idan batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko ƙarfen dogo ya karye, makunnin sakin zai yi, fitila ta nuna ja. Kowace ɓarna tsayar da jirgi take yi. Tun kafin haka, a 1856, John Saxby na Ingila ya yi rajistar tsarin da ke kulle alamar ba jirgi hanya da mararraba tare, ta yadda ba za a iya ba jirgi izinin wucewa ba sai harsuna sun zauna daidai. Layuka da yawa na zamani sun koma amfani da na'urar ƙirga ƙafafun jirgi da kwamfuta, amma tunanin bai sauya ba: a raba hanya sashe-sashe, a san wanda jirgi ke ciki, kada a buɗe hanya sai mararraba ta tabbata. Duk wannan ana iya gina shi a kan falanki da 'yan fitilu ja da kore, yaro ya ɓata, ya gyara, ba wanda ya ji rauni.

Sai batun kuɗi da wuta da ƙura, wanda shi ne mutumin Illela zai fara kawowa. Wuta ba matsala ba ce. Ɗan kan jirgi na HO bai cika shan rabin amfiya ba a bolt 12, wato abin da bai kai wat 6 ba, batirin babur da ƙaramin farantin sola sun ɗauke shi, kuma bolt 12 ba ya jan mutum. Kayan da aka shigo da su daga waje kam suna da tsada a farashin naira na yau, ba na musun haka. Amma makaranta ba ta buƙatar gari guda da duwatsu da gadoji. Kan jirgi ɗaya, tarago uku, mararraba biyu da 'yan mitocin dogo sun isa a yi tashar da jirage biyu za su kauce wa juna, irin tsarin da tsohon dogonmu mai layi ɗaya ya dogara da shi. Masu wannan sana'a da yawa ma da hannu suke ƙera mararrabarsu, suna liƙa ƙarfe da dalma a kan 'yan yankan allon rediyo mai fuskar jan ƙarfe, su kankare tsakiyar kowane yanki don kada ya haɗa ja da baƙi. A garin da ke da maƙera da masu gyaran waya da ke riƙe ƙarfen dalma duk yini, da yaran da suka taso suna ƙera motar kara da ta gwangwani, hannun yin wannan aiki yana nan. Ƙurar hunturu tana hana ƙafa shan wuta, maganinta ƙyalle da ɗan sifirit da rufe tebur da leda. Zafin bazara kuwa, wanda ke haura digiri 40 a wannan yanki, yana miƙar da ƙarfe har yankan da aka yi ya rufe, sai an cusa 'yar roba a ciki. Wannan ma darasi ne, domin dogon gaske mai kilomita ɗaya, in ba a ɗaure shi ba, yana ƙara kimanin santimita 35 idan zafinsa ya hau da digiri 30.

Za a ji labarin wani tsari na zamani da ake kira DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, ƙungiyar masu jirgin tebur ta Amurka ta mai da shi ma'auni a shekarun 1990. A cikinsa wuta tana kan dogo kullum, saƙo ne ake aikawa ta cikinta zuwa kowane jirgi da lambarsa. Yana da kyau, amma ba da shi za a fara ba. Ya fi tsada, bai kuma ɗauke wa kowa matsalar tsinin mararraba ba.

Suka ta ƙarshe ita ce, idan dogo bai zo Illela ba fa? An sha ambaton garin cikin tsare-tsaren sababbin layuka, ba a shimfiɗa ko taku ɗaya ba, kuma maƙwabtanmu na Nijar sun ga yadda aka ƙaddamar da dogon Yamai zuwa Doso mai kimanin kilomita 140 a 2016, ya zauna babu jirgin haya a kansa. Ba na yi wa kowa alkawarin jirgi. Abin da nake cewa shi ne, yarinya ko yaron da ya iya karanta zanen waya, ya san kaurin wayar da ya dace da nauyin wuta, ya iya bin kuskure da mita mataki-mataki maimakon canke, ya samu abin da mai haɗa sola da mai gyaran injin ban-ruwa da mai wayarin mota duk suke ci da shi a yau a Illela. In kuma ya so ya bi harkar jirgin, ƙofofin suna Arewa: cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa tana Zariya tun 1986, jami'ar sufuri ta Daura an aza harsashinta a Disambar 2019, layin Kano zuwa Maraɗi kuma zai buƙaci masu kula da alamu da mararraba a kowace tasha na tsawon shekaru. Tebur ba zai mai da kowa injiniya ba. Zai dai sa ɗan Illela ya shiga waɗannan makarantu ya riga ya san abin da ake magana a kai, a lokacin da takwaransa na Kaduna ko Zariya ya taso yana ganin dogo a bayan gidansu.

Kirana ga ma'aikatar da ke kula da ilimin kimiyya da fasaha a Jihar Sakkwato, da ƙaramar hukumar Illela, da attajiran albasa da na kara waɗanda ba su gaza gina masallatai da rijiyoyi ba. A zaɓi makaranta ɗaya mai malamin lantarki ko na kimiyya, a ba shi ɗaki mai ƙofa da makulli, falanki biyu, batir da farantin sola, mitar gwajin wuta, ƙarfen dalma, kan jirgi ɗaya da mararraba biyu. A bar ɗalibai maza da mata su ja wayar da kansu, kada a kawo musu abin da aka riga aka haɗa, kuma a fara a zangon karatu mai zuwa.